Hawan keke a kwarin Uina: tambayoyi da amsoshi kan hanyar da aka fasa a jikin dutse

Kwarin Uina yana gabashin Suwizalan, a yankin Engadin ta Ƙasa cikin jihar Graubünden, dab da iyakar Italiya da Ostiriya. Masu ƙetare tsaunukan Alps a kan keke sun san shi saboda wata 'yar siririyar hanya da aka fasa a jikin bangon dutse, ga rami mai zurfi a gefenta. Hotunan wannan wuri ne ke jawo mutane, kuma kusan duk tambayar da ake yi a kansa take. Amma abin da ya fi karya mahaya shi ne doguwar hawa kafin a kai kwazazzabon da wannan hanya take, da gangarar da ke bayansa, da hadarin da ke haɗuwa bayan azahar. A kan waɗannan muka fi tsayawa.

Daga ina hanyar ta tashi, kuma ina ta ɓulle?

Ana farawa daga Sur En, wani ɗan ƙauye a bakin kogin Inn, kusa da garin Scuol inda layin jirgin ƙasa ya ƙare. Tsayin Sur En daga doron teku wajen mita 1,120 ne. Daga nan hanyar tsakuwa ta bi rafin Uina ta cikin daji, ta wuce Uina Dadora, ta kai makiyayar Uina Dadaint a wajen mita 1,780. A harshen Romansh na mutanen yankin, "dadora" na nufin ta waje, "dadaint" kuma ta ciki. Bayan makiyayar hanya takan tsuke ta koma turbar ƙafa, ta shiga kwazazzabon da ake kira Il Quar, ta fito kan faffadan filin Sursass. Mashigin Schlinig, wanda shi ne ƙololuwar tafiyar, ya ɗan haura mita 2,300. Ƙasa da shi kaɗan, a cikin Italiya, akwai masaukin Sesvenna a mita 2,256. Daga nan sai gangara zuwa ƙauyen Schlinig, da Burgeis, da Mals a kwarin Vinschgau.

A taƙaice, hawa ce ta kusan mita 1,200 a tsaye, sannan gangara mai kusan wannan adadin. Ruwan da ya sauka arewa da mashigin yana bin Inn zuwa Danube ya faɗa Baƙin Teku, wanda ya sauka kudu kuma yana bin kogin Adige zuwa tekun Adiriyatik.

Wa ya fasa wannan hanya a jikin dutse?

Reshen Pforzheim, wani gari a Jamus, na ƙungiyar masu hawan tsauni ta Jamus da Ostiriya ne ya jagoranci aikin tsakanin 1908 da 1910. Sun gina masauki kusa da mashigin a 1901, suna neman hanyar da baƙi za su riƙa zuwa daga ɓangaren Engadin, sai aka fasa dutsen da nakiya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Tirol ta Kudu, yankin da masaukin yake, ta koma hannun Italiya, masaukin ya kuɓuce musu, jami'an tsaron iyaka suka riƙa amfani da shi, domin 'yan fasa-ƙwauri sun mai da kwarin hanyar shigar da gahawa da taba. Tsohon ginin yana nan kusa da masaukin Sesvenna na yanzu. Abin lura ga mahayi shi ne, don masu tafiya a ƙafa aka yi hanyar, ba a yi ta don taya ba.

Ana iya tuƙa keke a cikin kwazazzabon?

A'a. Akwai alluna da ke cewa a sauka a tura, kuma hujjar a fili take. Sashen da aka sassaƙa wajen mita 600 ne, faɗinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ya ratsa gajerun koguna masu duhu, ƙasansa akwai tsakuwa, wani wurin ruwa na ɗiga daga sama. Kan keken dutse na zamani yana da faɗin santimita 76 zuwa 80. Idan ka lissafa, abin da ya rage maka tsakanin bango da rami kaɗan ne ƙwarai. Bakin kan keken ya ɗan gogi bango, tayar gaba za ta karkata, kuma ɓangaren ramin za ta yi. An sa igiyar ƙarfe da shinge a wasu wurare, wasu wuraren babu komai.

Turawar ma tana da ƙa'ida. Jikinka ya kasance ta wajen bango, keken ta wajen rami, ko da hakan ya sa ka tura da hannun da ba ka saba ba. Idan keken ya zame, ka sake shi. Kada ka ɗaura shi a jikinka da igiya ko maɗaurin jaka. Sauke sirdi ƙasa don kada ya riƙa kama jakarka. Juya feda ta ɓangarenka ta koma baya, in ba haka ba za ta riƙa dukan ƙwaurinka tana sa ka tuntuɓe. Yatsa ɗaya ya zauna kan birki, domin a inda hanya ta miƙe sama za ka riƙa tura keken taku ɗaya, ka danne birki, sannan ka tako ka same shi. Cire tabarau mai duhu kafin ka shiga kogo, ka kunna fitila. Hular kwano ta zauna a kai, saboda rufin dutsen yana da ƙasa a wasu wurare, kuma ƙananan duwatsu kan faɗo.

Idan kuka yi kiciɓis da masu saukowa, wanda ya fi kusa da wuri mai faɗi shi zai tsaya ya jingina kekensa da bango. Tsakanin mahayi da mahayi a bar tazarar mita biyar ko fiye. Mai son ɗaukar hoto ya tsaya cak, ya ajiye keke, sannan ya fito da waya. Yawancin mutane kan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya daga inda aka fara turawa zuwa inda fili ya buɗe.

Ina jin jiri idan na leƙa rami. Zan iya?

Wanda gwiwarsa ke rawa a saman bene mai hawa uku ya nemi wata hanyar. Ɗan fargaba ba laifi ba ne, yana ma sa mutum ya natsu. Amma wanda tsoro kan daskarar da shi ya kasa gaba ya kasa baya, yana jefa kansa da na bayansa cikin haɗari a wurin da juyawa da keke ke da wuya. In kana shakka, ka bar keken a Uina Dadaint ka je ka gwada da ƙafa tukuna.

Ta wane ɓangare ya fi dacewa a bi?

Daga Sur En zuwa Sesvenna, wato daga arewa zuwa kudu. Tura keke sama a kan dutse mai santsi ya fi sauƙin sarrafawa a kan riƙe shi yana jan ka ƙasa. Sannan gangarar ɓangaren Italiya akasarinta ana iya tuƙawa, don haka wahalar da ka sha ba ta tafi a banza ba.

Wane irin ƙarfin jiki ake bukata?

Ga ma'auni mai sauƙi: ka iya hawan mita 1,000 a tsaye cikin yini ɗaya, washegari ka tashi kana iya sake hawa keke. Hanyar Sur En zuwa Uina Dadaint ba ta da wani siddabaru, amma tana da tsayi, kuma akwai wuraren da take miƙewa sosai har tayar gaba ta nemi ɗagawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a taso da zafi a kilomita biyun farko, a iso bakin kwazazzabon ƙafafu sun mutu, alhali a nan ne ake bukatar ƙafa mai ƙwari da hankali a kwance. Ka hau da saurin da za ka iya yin magana ba tare da haki ya katse ka ba. Idan tudu ya yi tsanani, matso gaban sirdi, ka sunkuyar da ƙirji wajen kan keken, ka ci gaba da zama. Da ka miƙe tsaye tayar baya za ta rasa nauyi ta fara jujjuyawa a kan tsakuwa.

Wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Yamai ya san cewa duk garuruwan nan ba su kai mita 500 daga doron teku ba. Inda za a fara hawan ma ya kusa tsayin Jos. A mashigin, iskar da ake shaƙa ta yi ƙasa da ta bakin teku da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ciwon tsauni ba kasafai yake kama mutum ƙasa da mita 2,500 ba, amma numfashi zai gajarta, bugun zuciya ya ƙaru. Kwana biyu a Scuol ana 'yan gajerun hawa suna taimakawa sosai. Wanda ke da damar yin atisaye a duwatsun Filato ko Mambila kafin tafiya, ya yi, kuma ya haɗa da tura keke sama da jaka a baya, domin tsokar da ke wannan aikin daban take da ta feda.

Wane irin keke ya dace?

Keken dutse mai shokozoba, ko a gaba kaɗai ko gaba da baya, mai lotsawar milimita 120 zuwa 150. Wanda ya fi haka nauyi ne kawai za ka yi ta turawa. Giya ita ce babbar magana. A tsarin giya 12, faifan gaba mai haƙora 30 da babban faifan baya mai haƙora 50 zuwa 52 su ne daidai. Mai ƙarfi sosai zai iya da 32, wanda ya san kansa kuma ya sa 28 ba abin kunya ba ne. A daidaita iskar shokozoba da nauyinka haɗe da jaka: na baya ya lotsa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari idan ka zauna, na gaba kashi 15 zuwa 20. Sirdi mai sauka da tashi da maɓalli yana da amfani a filin Sursass, inda ake hawa ana sauka akai-akai tsakanin duwatsu da taɓo.

Takalmi kuma ya zama mai tafin roba da ke kama dutse. Takalmin tsere mai busasshen tafi yana zamewa a kan jiƙaƙƙen dutse kamar an shafa sabulu.

Taya fa, iska nawa za a sa?

Taya mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.4, mai kaurin gefe, marar tif. Ga mai nauyin kilo 75, a fara da bar 1.5 (bar ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) a gaba, 1.7 zuwa 1.8 a baya, a ƙara kaɗan ga wanda ya fi nauyi. Iska ta yi yawa, taya za ta riƙa tsalle a kan tsakuwa, birki ya ƙi kamawa. Ta yi kaɗan, dutse zai daki rim ya yanke gefen tayar. Ruwan gam da ke cikin taya marar tif yana bushewa cikin 'yan watanni, don haka a zuba sabo, mililita 90 zuwa 120 a kowace taya, kafin tafiya. Duk da haka a ɗauki tif guda. Idan dutse ya tsaga gefen taya, gam ba ya toshe wannan. Sai a sa tif, a shimfiɗa wani abu mai tauri kamar ledar abinci a ninke tsakanin tif da tsagar.

Me ya sa ake yawan maganar birki?

Saboda daga masaukin Sesvenna zuwa Mals za ka sauka kusan mita 1,200, kuma farkon gangarar, a gefen bangon dutsen da ake kira Schwarze Wand inda ruwa ke zubowa, yana da tsananin gangara. Duk nauyinka da na keke da na jaka zafi suke komawa a faifan birki. Idan ka danne birki ba saki na tsawon mintuna, ɗayan abu biyu ne zai faru. Ko takalman birkin su yi zafi fuskarsu ta yi sulɓi, hannun birki yana nan da tauri amma keken ba ya tsayawa, kana jin ƙauri. Ko kuma man birkin ya tafasa, ya yi kumfa a cikin bututu, ka ja hannun birki ya tafi har jikin kan keken babu komai. Na biyun ya fi faruwa da tsohon mai, musamman irin DOT, wanda ke shan danshin iska a hankali, abin da ke sa shi saurin tafasa.

Rigakafin yana farawa tun a gida. Faifan gaba ya zama milimita 200 ko aƙalla 180, na baya 180. A zare takalman a duba: idan abin da ya rage a jikin ƙarfen bai kai milimita ɗaya ba, a canza. Masu garin ƙarfe sun fi jure zafi a doguwar gangara, ko da yake sun fi ƙara. Sabon takalmi ba ya kamawa sai an horar da shi: a yi gudu matsakaici a fili, a ja birki da ƙarfi har keken ya kusa tsayawa, a sake, a maimaita sau 20 zuwa 30. Man da ya shekara a canza shi. Kada a taɓa haɗa DOT da man ma'adinai irin na birkin kamfanin Shimano ko Magura, domin zai lalata robobin ciki. A duba abin da aka rubuta a jikin birkin.

A kan hanya kuma, birki da yatsa ɗaya, gaba da baya tare. Ka danne da ƙarfi kafin kwana, ka sake, ka bar faifai ya sha iska, maimakon jan sa kaɗan-kaɗan ba hutawa. Birkin gaba ne ke yin yawancin aikin tsayarwa. Mai tsoronsa yakan dogara da na baya kaɗai, tayar ta kulle ta ja ƙasa, ta ɓata hanyar kuma ba ta tsayar da shi ba. Sauke sirdi, dugadugai ƙasa, gwiwar hannu a buɗe, ido a kan inda za ka je. Da ka ji hannun birki ya fara laushi, tsaya nan take ka jira minti biyar zuwa goma. Kada ka taɓa faifan da hannu, yana ƙona fata. A sashen Schwarze Wand, wanda ya sauka ya tura 'yan mitoci ya yi daidai.

Keke mai batir zai yi?

A hawan farko zai sauƙaƙa maka ƙwarai, a kwazazzabon kuma ya zame maka kaya. Irin wannan keken yakan kai kilo 22 zuwa 25, kuma akwai matakalan dutse da sai an ɗaga shi. Maɓallin da ke taimakawa wajen turawa yana iya fizgar keken gaba ba zato, abin da ba a so a bakin rami. A kashe shi a wurare masu matsi. Batir mai ƙarfin Wh 600 zuwa 750 (Wh ma'aunin wutar da batir ke ɗauka ne) yana isa ketarawa idan an yi tattali, amma sanyi na rage masa ƙarfi. Kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar batir mai wannan girma a kayan fasinja, don haka mai zuwa daga nesa sai dai ya yi haya a Scuol ko garin Nauders na Ostiriya.

Wane lokaci ne ya fi, a shekara da kuma a yini?

Daga Yuli zuwa Satumba. A farkon bazararsu dusar ƙanƙara kan saura a cikin kwazazzabon da kan mashigin, da hunturu kuma hanyar a rufe take. Kafin ka tashi, tambayi ofishin baƙi na Scuol ko masaukin Sesvenna ko hanyar a buɗe take, domin zaftarewar dutse bayan ruwan sama na iya sa a rufe ta.

A yini kuwa, sammako shi ne komai. A Yuli da Agusta safiya kan waye garau, gajimare ya fara taruwa wajen sha biyu, tsawa ta fashe tsakanin azahar da la'asar. Mai matsakaicin ƙarfi yana bukatar awa huɗu zuwa biyar daga Sur En zuwa masaukin, har da hutu. Ka tashi ƙarfe bakwai, ka fita daga kwazazzabon kafin sha biyu, a lokacin masu yawon ƙafa ma ba su cika ba. Filin Sursass ba shi da mafaka ko ɗaya, kai ne abu mafi tsawo a wurin, kuma kana riƙe da ƙarfe. Ƙidaya daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa: kowane uku kilomita ɗaya ne. Idan ba su kai 30 ba, hadarin ya iso kusa. Ajiye keken ka yi nesa da shi, ka nisanci igiyar ƙarfe da tudu da rafi, ka tsuguna kan jakarka ƙafafu a haɗe. Idan tun kana Uina Dadaint ka ga sama ta haɗe, kada ka shiga kwazazzabon.

Me za a sa a jaka?

Zafi yana raguwa da kusan digiri shida zuwa bakwai a kowane mita 1,000 na hawa. Ranar da ake digiri 22 a Sur En, a mashigin zai kasance wajen 14, da iska, kuma kai jiƙe kake da gumi. Ruwan sama ya sauka, yana iya faɗuwa kusa da sifili ko a Agusta. Wannan ne ke shammatar wanda ya saba da ƙasar zafi. Don haka rigar ruwa ta gaske mai hula, riga mai ɗumi, busasshiyar rigar ciki ta canji, safar hannu mai rufe yatsu, da bargon leda na gaggawa. Auduga ba ta dace ba, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Hasken rana a can sama ya fi kaifi, baƙar fata ma tana ƙonewa, leɓe na tsagewa. A ɗauki man kariya da tabarau.

Kayan gyara: famfo, tif, abin ɓamɓare taya, tsumman toshe huda, tarin makullai mai haɗe da abin yanke sarƙa, mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyarka, takalman birki biyu na ajiya, da 'yan maɗauran roba. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙugiya da ke riƙe na'urar sauya giya a jikin keken. Da gangan aka yi shi mai rauni don ya lanƙwashe ko ya karye kafin jikin keken. Kowane samfurin keke da irin nasa, ba lallai ka samu a shagon ƙauye ba, don haka ka sayi na ajiya tun a gida. Jakar gaba ɗaya kada ta wuce kilo shida zuwa bakwai.

Ruwa da abinci fa?

A tashi da lita ɗaya da rabi zuwa biyu, a riƙa shan wajen rabin lita a awa. Sanyi na ɓoye ƙishirwa, sai mutum ya ga ciwon kai da ɗaurewar jijiya. Ana iya ƙari a Uina Dadaint da masaukin Sesvenna. Kada a sha ruwan rafin da ya ratso makiyaya. Ci kuma kowane minti 40 zuwa 45, tun kafin yunwa ta zo: dabino uku ko huɗu, ayaba, burodi da cuku, gyaɗa mai gishiri.

Musulmi ya lura da abincin masaukan. Abin da ake kira Speck a Tirol ta Kudu naman alade ne da aka busar, kuma ana sa shi cikin curin burodi da miya da ƙwai. Miyar sha'ir ta Graubünden ma yawanci da irin wannan naman ake dafa ta. Akwai curin cuku ko na alayyafo, da taliya da tumatir, amma a tambayi irin romon da aka yi amfani da shi.

Yaya ake yi da shanu da karnuka da masu tafiya a ƙafa?

Jihar Graubünden ta yarda keke ya bi turbar ƙafa in dai ba a sa alamar hani ba, da sharaɗin mai ƙafa ne ke da fifiko. Rage gudu tun daga nesa, ka yi gaisuwa. A Engadin "Allegra" ake cewa. Gandun dajin ƙasa na Suwizalan, wanda aka kafa a 1914, yana kusa, kuma an hana keke a cikinsa sam, amma kwarin Uina yana wajensa.

Duk wanda ya taso kusa da ruga ya san saniya mai ɗan maraƙi ba ta da wasa, haka take a can. Sauka daga keke, ka kewaye garken da tazarar mita 20 ko fiye, kada ka bi tsakanin uwa da ɗa. Shingen makiyaya siririyar waya ce mai lantarki wadda ba a ganin ta da sauri. Akwai mariƙin roba da ake buɗewa, kuma duk ƙofar da ka buɗe ka rufe. Idan karen gadin tumaki ya taso yana haushi, tsaya, sauka, ka sa keken tsakaninku, ka jira ya huce sannan ka wuce a hankali. Gudu ne ke sa shi bi.

Idan wani ya ji rauni?

Lambar 112 tana aiki a ƙasashen uku. A Suwizalan, 1414 ita ce ta Rega, masu ceto da jirgi mai saukar ungulu. A cikin kwari mai matsi waya kan rasa sabis, don haka a sauke taswira a waya tun a masauki, a gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin isowa, kuma kada a tafi shi kaɗai. Idan babu sabis, alamar neman agaji a tsaunukan Alps ita ce busa usur ko haska fitila sau shida a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a sake. Wanda ya bugu a kai ko baya kada a motsa shi sai in wurin da yake na da haɗari. A rufe shi da bargon leda, a sa jaka a ƙarƙashinsa, domin sanyin ƙasa na saurin shiga jikin mai rauni.

Waɗanne takardu da kuɗi ake bukata?

Suwizalan da Italiya da Ostiriya duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta isa. A kan mashigin babu shingen bincike, amma fasfo ya kasance a jikinka cikin leda. Inshorar da ake nema don bizar dole ta kai Yuro 30,000, sai dai a karanta sharuɗɗanta, domin wasu ba sa biyan kuɗin ceto da jirgi ko raunin wasan keken dutse. A Suwizalan faran ake kashewa, a sauran biyun Yuro. A riƙe tsabar kuɗi, ba kowane masauki ke karɓar kati ba. Mai son kwana a Sesvenna ya kama gado tun da wuri, ya zo da siririn buhun kwana na yadi, domin ƙa'idar masaukan tsauni ce.

Ta yaya ake komawa Sur En?

Daga Burgeis, inda gidan ibadar Marienberg ke tsaye fari fat a gefen tudu, akwai hanyar keke mai kwalta da ta bi kogin Adige sama zuwa tafkin Reschen. A cikin tafkin ne hasumiyar cocin tsohon ƙauyen Graun ke leƙowa daga ruwa, tun da aka cika madatsar ruwan da ta samar da tafkin a 1950. Daga nan sai mashigin Reschen a mita 1,504, a shiga Ostiriya a Nauders, a haura ɗan tudun Norbertshöhe, a gangara ta kwana-kwana zuwa Martina a Suwizalan, a bi gefen Inn zuwa Sur En. Zagayen ya haura kilomita 70, hawansa gaba ɗaya ya kusa mita 2,000, kuma yakan ci awa takwas zuwa goma. A Vinschgau iska kan kaɗo daga arewa, wato ta fuskarka a kan hanyar Reschen, a daidai lokacin da ƙafa ta gaji.

Ga wanda zai fara zuwa, shawararmu a raba shi kwana biyu: ranar farko Sur En zuwa Sesvenna, a kwana, a duba takalman birki da safe, a gangara da sabon jiki. Wanda ƙarfinsa ya ƙare a Mals yana iya shiga bas mai ɗaukar keke zuwa Nauders ko Martina, amma maƙalan keken kaɗan ne.